Wilin gingimari da baƙinmu na Ingila

Ƙauyenmu yana tsakanin Karaye da Rogo, sai ka sauka daga mota a bakin hanya ka taka da ƙafa cikin gonaki. Ba gari ba ne a dunƙule. Gida nan, gida can, kowa gonarsa ta kewaye shi, in damina ta yi nisa dawa ta tashi ko rufin maƙwabcinka ba ka hangowa. Mu ’yan cocin Angilikan gida goma sha wani abu ne, sauran maƙwabta Musulmi ne, sai Fulanin da ke ruga a bayan rafi. Babana shi ne katikis, wato shi ke jan sujada duk Lahadin da Rabaran bai zo ba. Rabaran kuwa sau ɗaya yake leƙo mu a wata a kan babur, don coci-coci sun yi masa yawa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina aji huɗu a sakandaren kwana, aka haɗa cocinmu ƙawance da wani coci a Ingila. Yadda aka yi aka zaɓe mu, har yau ban sani ba. Mu dai wasiƙa muka gani, shuɗiyar takardar nan ta jirgin sama wadda ake naɗewa ta zama ambulan da kanta. Suna gaishe mu, suna yi mana addu'a, suna so mu riƙa ba su labarinmu.

To wa zai ba da amsa? Baba yana karanta Hausa tsaf, amma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba. Sai dattawa suka ce ai ga ɗan katikis, ɗan sakandare. Ranar ji na yi kamar an naɗa ni hakimi. Dama ni ga iyayi, ga hannu da sauri. A aji in ana kwafar rubutun allo ni ke fara ajiye biro in zauna ina karkaɗa ƙafa, don dai a san na gama.

Yadda muke yi, duk hutun da na zo, dattawa su zauna a zaurenmu, Baba ya faɗa da Hausa, ni in juya Turanci, shi ya sa hannu a ƙasa.

"Rubuta. Muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. An yi ruwa, mun gode Allah. Yaya iyali, yaya sanyi. Ku gai da kowa da kowa."

"Baba, shi ke nan?"

"Me ya rage?"

Layi biyar fa. Takarda za ta hau jirgi ta ƙetare teku da layi biyar, su kuwa cika tasu suke yi har gefe, har labarin karen wata tsohuwa. Na ce a raina ai wannan raini za mu jawo wa kanmu. Sai na fara ƙara gishiri. Baba ya ɗauki takarda ya gan ta cike fal, ya ɗago ya dube ni.

"Duk wannan abin da na faɗa ne?"

"Ai Baba haka Turanci yake, da cin wuri."

Ya gyaɗa kai ya sa hannu. Na sha.

Da farko gishirin kaɗan ne. Yaran makarantar Lahadi su ƙaru da goma, mangwaron bayan coci ya zama lambu. Babu wanda ya mutu. Matsalar ta fara ne ran da wani tsoho a cikinsu ya saka tasa ’yar takardar a ciki. Ya ce shi ne mai kaɗa ƙararrawa a cocinsu tun yana saurayi, ƙararrawarsu a saman hasumiya take, da igiya ake ja daga ƙasa. Ya tambaya ko mu ma muna da ita.

Muna da ita mana. Wilin gingimari ne, ƙarfen nan da ake sa wa taya, ya yi tsatsa, an rataye shi da waya a reshen darbejiyar gefen coci. Kakana, uban babana, shi ke buga shi da wani guntun ƙarfe mai kauri da ba ya bari kowa ya taɓa. Kuma kada ka raina wilin nan. In Kaka ya sakar masa ƙarfe, har ruga ana ji. A ƙauyen babu mai agogo sai Baba, saboda haka ran Lahadi kowa yana gidansa, sai ya ji wili sannan ya fito.

Amma in rubuta wa Bature mai hasumiya cewa mu da wilin mota muke kiran sujada? Ina. Na gyara zama na shirga masa: muna da ƙararrawa ta tagulla, tun zamanin kakan kakana, a saman hasumiyar jar ƙasa take, kakana ne mai ja. Biro na gudu, ni kaina ina jin daɗin labarin.

Ashe na taɓo wa tsohon Baturen inda yake masa ƙaiƙayi. Duk wasiƙa sai ya sako tambaya. Nauyinta nawa? Wa ya ƙera ta? Akwai rubutu a jikinta? Ni kuma duk tambaya sai na ba ta amsa, har da ƙari. Na ce a kan raƙumi aka kawo ta. Na ce igiyar ta tsufa, har tana saɓule wa kakana tafin hannu. Wannan na saka ne don labarin ya yi kama da gaske. In zan karanta wa dattawa wasiƙarsu da Hausa, sai in tsallake wajen, in ce kawai, "Akwai wani tsoho mai buga ƙararrawa, yana gai da Kaka."

Kaka kuwa abin ya yi masa daɗi ba kaɗan ba. Ni da shi wasan jika da kaka muke yi, ba ma raga wa juna.

"Kai ɗan boko, ka ji ko? Har Ingila an san da ni. Kai wa ya san da kai, ko a Karaye?"

"Tsoho, ai ta bakin birona suka san ka."

"Biron banza. Ka ce masa in ya isa ya zo mu gwada hannu."

Muka yi dariya. Shekara ɗaya da wani abu ana haka, ni ina ta sheƙe ayata, a makaranta ina nuna wa yara kan sarkin Ingila ina burga.

Sai ga wasiƙa Baba ya aiko min har makaranta ta hannun wani ɗan garinmu, wai in karanta in aiko da bayani. Na buɗe a bakin ɗakin cin abinci. Mutum uku za su zo su gan mu da damina, lokacin dogon hutu. Mata biyu da namiji ɗaya. Namijin, tsohon ne. Ya rubuta a ƙasa da hannunsa cewa bai taɓa barin ƙasarsu ba, amma saboda ƙararrawar nan ya yarda zai hau jirgi.

 Na karanta sau uku ko zan ga ta canza. Ranar ko wake da shinkafar da nake rububi a kai ban iya ci ba.

Ba kunyar Bature ce ta dame ni ba, shi zai zo ya tafi. Baba ne. Mutumin da ko farashin akuya ba ya ƙara wa a kasuwa, mutumin da ke tsayawa gaban jama'a yana wa'azi a kan harshe. Sa hannunsa ne a ƙasan kowace ƙarya da na shara. In asiri ya tonu, ban san da wane ido zan dube shi ba.

Daga nan zama ya gagare ni. A aji malami na magana ni ina lissafin kwanaki. Na ce zan rubuta musu in ce kada su zo, ana yaƙi. Na ce a'a, in ce hasumiyar ta rushe. Na fara rubutawa na yaga, don wasiƙa kafin ta je sun riga sun taso. Aka yi hutu na dawo gida saura kwana shida, na tarar ƙauye ya rikice. An shafe coci da farar ƙasa, matan ƙungiyar zumunta ta coci suna ta koyon waƙa da tukwanensu na kiɗa, an ɗaure bunsuru biyu a gidanmu. Kaka ya ba tela ɗinkin sabuwar riga.

Na fara zarya. Na je wajen hedimasta na firamaren ƙetaren rafi, mutumin kirki, maƙwabcinmu Musulmi, na ce ya ara min ƙararrawar makaranta. Ya miƙo min ita, ’yar mitsitsiya mai mariƙin katako, da ƙyar ta kai ƙoƙon shan fura. Na juya ta a hannu na mayar masa na yi godiya. Ran kasuwar Rogo na ari keken Baba na je rumfar maƙera.

"Sannu da aiki, baba. Don Allah za a iya ƙera ƙararrawa babba, kamar tukunyar biki, zuwa Asabar?"

Maƙerin ya ajiye guduma ya dube ni sama da ƙasa.

"Ta tagulla ko ta zinariya, ranka ya daɗe?"

Yaran zuga-zugi suka kwashe da dariya. Na ja kekena.

Sau biyu ina niyyar faɗa wa Baba. Na farko na same shi yana gyaran benci, na durƙusa, na ce, "Baba, dama wata magana ce." Ya ce, "Riƙe min nan." Na riƙe, ya buga ƙusa, ya ce, "Ran Lahadi kai za ka tsaya kusa da ni, duk abin da suka ce ka faɗa min. Ka ga amfanin karatu." Maganar ta koma ciki. Na biyu ko bakin ban buɗe ba, na dai zagaya shi sau biyu na wuce kamar mai neman kaza.

Ran Asabar da la'asar, ana gobe za su zo, hadari ya haɗo. An gama shara, kowa ya ruga gida. Ina tsaye a ƙofar coci ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ina kallon wilin nan yana lilo a jikin darbejiya. Nan dabara ta faɗo min. In babu wili, babu abin nunawa. In ce wa Bature da Turanci an kai ƙararrawa Kano gyara, hasumiya kuma ruwa ya cinye. In ce wa mutanenmu da Hausa ɓarayi ne. Ni ne tafinta, bakin kowa ta kaina zai bi. A lokacin gani na yi duk duniya babu mai wayona.

Na hau bishiya na warware waya. Wili ya faɗo, tim, ya nutse a taɓo. Ashe nauyi ne da shi na fitar hankali. Na tayar da shi da ƙyar na gara shi kamar gare-garen yara, yana kaucewa ina tarowa, na faɗi sau biyu, har na kai shi tsakiyar gonar dawarmu na kwantar na rufe da ciyawa. Ruwa ya wanke sawu. Na koma gida jiƙe sharkaf, Inna tana faɗa wai zan jawo wa kaina zazzaɓi ana gobe baƙi.

Abin da ban sani ba, Lahadin da ta wuce, ni ina makaranta, Baba ya ja wa jama'a kunne. Ya ce kada kowa ya zo ya yi wa baƙi cincirindo a bakin hanya kamar ba a taɓa ganin mutum ba. Kowa ya shirya ya zauna a gidansa. Sai baƙi sun sauka sun sha ruwa sun huta, a buga wili, sannan a fito a natse. Ni kuwa na ɗauka ranar ko ba a buga komai ba, ɗokin ganin Turawa zai kwaso kowa tun da safe.

Da hantsi wata mota jif ta tsaya a ƙofar coci, duk ta yi kaca-kaca da taɓo. Ina tsaye kusa da Baba cikin farin wando da farar rigar makaranta, na sha guga, na sa biro biyu a aljihu. Mata biyu suka fito, sai tsohon, dogo, kansa fari fat, fuskarsa ta yi ja, yana rungume da wata jakar leda. Sai ƙofar gaba ta buɗe, Rabaran ya fito.

Ban sa shi a lissafi ba sam. Ba satinsa ba ne. Ashe shi ya je ya taro su tun daga Kano. Mutumin da Turancinsa ya ninka nawa, kuma ya san wilin nan kamar yadda ya san babur ɗinsa.

Aka yi gaishe-gaishe, aka kai su inuwa, Inna ta kawo kunun zaƙi. Rabaran ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan katikis, sannu da ƙoƙari."

"Yawwa, Baba Rabaran. Sannu da hanya."

"Tun daga Kano tsohon nan yake tambayata wata hasumiya. Ni dai na ce masa in mun je zai gani. To ga mu mun zo."

Ya koma ya zauna ya ci gaba da shan kununsa. 

Baba ya ɗaga hannu ya yi wa Kaka alama. Kaka ya taho cikin sabuwar rigarsa mai ruwan bula, an yi masa aski, ga guntun ƙarfensa a hannu, yana tafiya yana ɗan waiwayen Bature don ya tabbata ana kallonsa. Ya isa gindin darbejiya ya ɗaga kai. Waya ce kawai take reto.

Ya zagaya bishiyar. Ya sake zagayawa. Ya leƙa bayan coci.

"Kai," ya kira Baba, "ina abin nan?"

Baba ya je, suka tsaya su biyu suna kallon waya. Ni ina daga nesa ina gyara biro a aljihu.

Aka shigar da baƙi coci aka zaunar da su a kujerun gaba da muka aro, an yi musu ado da zanen gado. Coci fayau, benci a jere, babu kowa sai su da Inna da ƙannena. Ɗaya daga cikin matan tana ta murmushi tana duba agogo. Baba ya fita ya shigo, ya fita ya shigo. Ya hangi hanyar gabas, babu kowa. Ta yamma, babu kowa. Gida goma sha, kowa ya ci ado yana zaune a tsakar gidansa ya kasa kunne, an ce kada a fito sai an ji wili, su kuwa mutanenmu in katikis ya ce a zauna, an zauna ke nan.

Kaka ya ɗauko garma ya rataya ya buga. Ƙarar ko bayan coci ba ta wuce ba. Ya gwada tasar abinci, ta lotse. Baba ya ce wa ƙanena ya ruga gidaje, amma gidajen a warwatse suke, ga taɓo, kafin ya zagaye su rana ta take tsaka. Wata Bafulatana mai tallan nono ta biyo ta wajen, ta tsaya ta gaishe da Inna.

"Yau ba ku buga abinku ba. Na ce ko baƙin sun fasa zuwa."

Ina jin haka na zagaya bayan coci. Na dawo. Na shiga, tsohon Bature ya yafuto ni, ya tambaya ni ne mai rubuta wasiƙu? Na ce e. Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya ce yaushe za a kai shi ya gan ta. Maganar Kano da gyara tana kan harshena, na haddace ta tun jiya. Na dubi Rabaran, shi ma ni yake kallo. Na ce wa tsohon ina zuwa, na fita.

A gindin darbejiya na tarar Kaka ya zauna a ƙasa, a kan taɓo, da sabuwar rigarsa. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ƙarfen yana hannunsa.

"Tsoho, ka ɓata rigarka," na ce, ko zai tanka min da zagi yadda ya saba.

Bai ɗago ba.

"Shekara nawa ina buga abin nan, ko ranar da aka binne kakarka ban fasa ba. Sai yau da mutum ya taso daga wata duniya don ya gan ni."

Baba yana gefe yana cewa dole a je wajen mai unguwa, wannan aikin wanda ya san wurin ne, har ya fara ambaton wani yaron maƙwabta da aka taɓa kamawa da satar kaza.

 Na kutsa cikin dawa. Raɓa da ragowar ruwan jiya suka jiƙa ni, ganye yana yankar wuyana. Na yaye ciyawa na tayar da wili na fara garawa. Ya kauce na taro, na zame na durƙusa, fararen kayan nan suka koma kalar ƙasa. Da na ɓullo bakin gona, duk suna tsaye a waje: Baba, Kaka, Rabaran, Inna, baƙi uku.  Ƙarar wili kawai kake ji a cikin taɓo har na kai shi gindin bishiya na sake shi.

Baba ya dube ni ya daɗe.

"Kama can," ya ce.

Ni da shi da Rabaran muka ɗaga, ƙanena ya hau ya ɗaure waya. Kaka ya tashi ya karkaɗe riga ya sa hula, ya sakar wa wili ƙarfe. Kan ka ce kwabo dawa ta fara motsi ta ko'ina. Matan zumunta da anko da tukwane a ka, dattawa da manyan riguna, yara a guje, duk suna fitowa lokaci ɗaya kamar an buɗe musu ƙofa.

Tsohon Bature bai kalle su ba. Wili yake kallo. Ya tambayi Rabaran wani abu, Rabaran ya ba shi amsa a taƙaice. Na ji abin da ya ce: babu hasumiya, ba a taɓa yi ba, wannan ita ce ƙararrawar. Tsohon ya juyo ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Fuskarsa dai ta ƙara ja, ya ƙanƙame ledar nan a ƙirji.

Aka yi sujada. Rabaran ne ya yi tafinta, ni ina bencin baya taɓo yana bushewa a jikina. Da aka zo ba da tsaraba, matan suka miƙa littattafai da hoton cocinsu. Tsohon ya tashi a hankali ya buɗe ledarsa. Igiya ce, sabuwa, mai kauri, doguwa, a tsakiyarta an saƙa wani laushin ulu ja da fari da shuɗi inda hannu ke kamawa. Rabaran ya fassara: jama'arsu ne suka sa aka yi ta musamman, don sun ji igiyarmu tana saɓule wa dattijo hannu.

 Wata tsohuwa a bencin mata ta ce a fili, "Wace igiya?"

Kaka ya je ya karɓa da hannu biyu, ya russuna, ya shafa ulun, ya duba tafin hannunsa, ya waiwayo har bencin baya. Na sunkuyar da kai.

Bayan an ci abinci na hango Kaka da tsohon Bature a gindin darbejiya, Rabaran a tsakiya. Kaka yana nuna masa bugun sujada daban, na mutuwa daban, na gobara daban, yana yi a hankali da yatsa don kada jama'a su firgita. Tsohon ya ciro ɗan littafi yana rubutawa. Har ya karɓi ƙarfen ya gwada, Kaka ya ce a faɗa masa hannunsa ya yi sanyi, da ganin bai ci tuwo ba. Tsohon ya ɗan yi dariya. Ni dai bai sake yi min magana ba har suka hau jif. Matan sun ba ni hannu, shi ya ɗaga min kai kawai.

Washegari Rabaran ya dawo a kan babur, da wasiƙuna a aljihu, tsohon ne ya bar masa. Dattawa suka cika zaure. Baba ya ce a karanta duka da Hausa, kada a tsallake komai. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa.

Da aka zo kan raƙumi, wani dattijo ya tuntsire har hularsa ta faɗi.

"Daga ina raƙumin ya taso, ɗana? Ka faɗa mana mu ma mu sani."

Wani ya ce shi dai a nuna masa lambun, yana son kashu. Kaka ya ce, "Ku bar shi, ai da ya ƙara shekara ɗaya da ya gina mana asibiti." Wannan ce maganar farko da ya jefe ni da ita tun jiya.

Baba bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Da aka gama ya karɓi takardun yana buɗe su ɗaya-ɗaya, yana duba ƙasan kowace.

"Wannan hannuna ne. Wannan ma. Wannan ma." Ya ajiye. "Na tambaye ka, ka ce min haka Turanci yake."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Ɗauko biro."

Ya sa aka kawo shuɗiyar takarda sabuwa. Ya ce in rubuta: Ni ne ɗan katikis. Abin da na rubuta muku a kan ƙararrawa da hasumiya da lambu da yawan yara ba gaskiya ba ne. Babana bai sani ba. Na wahalar da dattijonku, ya gafarta min. Daga yau ƙanwata ce za ta riƙa rubuta muku, Rabaran zai duba.

Ƙanwata fa, ’yar aji ɗaya, wadda ni na koya wa riƙon biro. Na rubuta. Hannuna yana ta son ya ƙara ko da layi ɗaya ne, in ce ai don ina son su ne, in ce ai wilin ma har ruga ana ji. Ban ƙara ba. Rabaran ya karanta ya mayar wa Baba da Hausa, kalma-kalma. Baba ya ce ni zan sa hannu wannan karon, na sa.

Fiye da rabin takardar fili ne. Baba ya karɓi biro daga hannuna, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake jan wani ya gicciye shi, ya naɗe takarda ya lashi bakin ya manne. Ya kira ƙanwata ya ba ta, ya ce gobe ta bi motar farko ta kai gidan waya a Karaye, ni in raka ta in riƙe mata jaka.